Hoto Ɗaya a Kullum da Ziyarar Gidan Makama: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne aikin hoto ɗaya a kullum, kuma me ake buƙata kafin a fara?

Alkawari ne mutum yake ɗaukar wa kansa cewa kowace rana zai ɗauki hoto, ya zaɓi guda ɗaya ya ajiye da kwanan watansa, har shekara ta zagayo ya tara 365. Sharaɗin shi ne hoton ranar ya zama a ranar aka ɗauke shi. Wayar da ke aljihunka ta wadatar, domin babbar kyamarar da ke kulle a akwati ba za ta bi ka kasuwa ba. Sai ɗan ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, da wurin ajiya. Wanda shekara ta yi wa nisa ya fara da kwana 30.

Me ya sa mutane da yawa suke farawa da zafi, sannan su watsar?

Yawanci abin ɗauka ne yake ƙare musu. Makonnin farko an ɗauki yara, an ɗauki abinci, an ɗauki faɗuwar rana daga saman bene, sai a wayi gari ido ya daina ganin komai. Maganinsa a ƙuntata wa kai: mako guda ƙofofi kawai, mako guda hannayen masu sana'a, mako guda duk abin da yake shuɗi. Idan aka ce "ɗauki komai" sai ido ya rasa abin kamawa, amma da an ce "ƙofofi" sai ka ga unguwarku cike take da su.

Na biyu shi ne barin aikin sai dare. Ka ɗaura shi a kan abin da ba ya wuce ka, kamar fita aiki da safe ko dawowa daga sallar La'asar, kuma ka ɗauki hoto ɗaya tun da hantsi a matsayin na ko-ta-kwana. In aka samu wanda ya fi shi, madalla. In kuwa rana ta kuɓuce gaba ɗaya, a bar gurbinta a buɗe a ci gaba washegari. Kada a cike da tsohon hoto, don daga nan kwanan watan ya daina nufin komai.

Wane lokaci ne haske ya fi kyau a ƙasarmu?

Awa ta farko bayan fitowar rana, da kuma daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba. Da tsakar rana hasken a tsaye yake, yana jefa baƙar inuwa cikin idanu da ƙarƙashin hula, don haka a kai mutum inuwar zaure ko ta bishiya. Da hunturu hazo yana tausasa haske, fuska ta fito da kyau, amma abin da ke nesa ya dushe, ƙura kuma ta zauna a idon kyamara. A hure ƙurar tukuna kafin a goge, in ba haka ba ƙwayar yashi ta karce gilashin. Da bazara waya tana ɗaukar zafi har kyamarar ta rufe kanta, saboda haka kada a bar ta a gaban mota.

Yaya ake adana hotunan har shekara ba tare da asara ba?

Hoton waya mai megafiksel 12 yakan ci wajen megabait 3 zuwa 4. Mai ɗaukar goma a rana zai tara kusan gigabait 14 a shekara, alhali 15 ɗin da Google yake bayarwa kyauta har da saƙonnin Gmail a ciki. Zaɓaɓɓun 365 kuwa ba su wuce gigabait ɗaya da rabi ba. Shi ya sa tacewar kowane dare take da muhimmanci: a zaɓi ɗaya, a bar biyu ko uku, a share sauran. A sa wa zaɓaɓɓen suna da shekara, wata, rana, kamar 2025-03-14, don su jeru da kansu. A ajiye su a wuri biyu, ɗaya ba a cikin wayar ba. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi kai tsaye, sai dai a tura shi a matsayin fayil.

Me ya haɗa wannan aiki da gidan adana kayan tarihi?

Babu inda yake farfaɗo da ido da ya gaji kamarsa. Ɗauki Gidan Makama a Kano, kusa da fadar Sarki. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da tsofaffin hotunan Kano, da ɗakin amarya na gargajiya. Wanda ya tsaya ya ƙare wa ƙusoshin ƙyaure ɗaya kallo, zai fita yana lura da kowace ƙofa a cikin birni. Tsofaffin hotunan ma aiki ne a shirye: ka nemo wurin da aka ɗauke su, ka tsaya inda mai ɗaukar ya tsaya, ka ɗauki yadda wurin yake a yau.

Wanda ba ya Kano yana da nasa. Gidan tarihi na Jos, da aka buɗe a 1952, yana da sassaƙen yumɓu na Nok, wata al'umma ta zamanin da, kuma kusa da shi akwai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya. A Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959.

Ana barin ɗaukar hoto a ciki?

A tambaya tun a bakin ƙofa, wurin sayen tikiti, kafin a fito da waya. Dokar tana bambanta daga gida zuwa gida, har daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma wasu wuraren kuɗin kyamara daban yake da na shiga. A tambayi abu uku a fili: filasha, sandar kyamara mai ƙafa uku, da bidiyo. Hoton da za a sayar ko a yi talla da shi yana buƙatar izini a rubuce. Ma'aikaci ko baƙon da zai fito a hoto a nemi yardarsa, ɗalibai kuma a tambayi malaminsu.

Ɗakunan da duhu, hotuna suna fitowa a dagule. Ina matsalar?

Duhun da gangan ne. Ginin ƙasa ƙananan tagogi gare shi, sannan haske yana koɗar da rini da tawada a hankali, shi ya sa ma'aunin da masana suka tsayar wa tufafi da takardu bai wuce luks 50 ba (da luks ake auna ƙarfin haske). A irin wannan wuri kyamara tana daɗewa a buɗe don ta tara haske, ɗan motsin hannu sai ya ɓata hoton. Ka riƙe wayar da hannu biyu, ka manna gwiwar hannunka a haƙarƙari, ka sa agogon daƙiƙa biyu ko uku don dannawar yatsa kada ta girgiza ta. Mai babbar kyamara kada ya bar ta a buɗe fiye da 1/60 na daƙiƙa, ya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600, ko da hakan zai sa hoton ya yi ɗan tsakuwa-tsakuwa. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa yana gyaruwa, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. Kada a jingina da bango ko akwatin nuni don neman tsayuwa, yaɓen ƙasa yana zuba.

Kayan da ke cikin gilashi fa? Kullum inuwar mai ɗauka ce take fitowa.

Kashe filasha, don gilashi dawo da ita yake yi. Matso da idon kyamara dab da gilashin ba tare da ya taɓa ba, ka kare gefensa da tafin hannu. Farar riga ita ce babbar mai laifi, gara a sa tufa mai duhu ranar ziyara. Idan kyamara ta kama ƙurar gilashi maimakon takobin da ke ciki, taɓa takobin a allon wayar ka riƙe har ta kulle a kansa. Bayan kowane abu, ɗauki takardar bayaninsa nan take. Bayan wata guda ba za ka tuna wace riga ce ta wane zamani ba.

Ginin kansa yaya ake ɗaukarsa?

Zanen bango mai tudu ba ya fitowa sai haske ya zo masa daga gefe, kowane layi ya yi 'yar inuwarsa, don haka safe ko yamma. Zankwaye sun fi kyau idan sararin sama ne a bayansu. A ja baya a riƙe wayar a miƙe, domin ɗaga ta sama yana sa bango ya yi kamar zai faɗi. A cikin soro, tsaya a tsakiya ka kalli sama, inda bakan gizo suka haɗu da jerin azara. Idan akwai ƙofa mai haske a cikin hoton, taɓa wurin hasken don ya daidaita, ka bar cikin ɗakin ya yi duhu. Mutum yana giftawa ta ƙofar sai surarsa ta fito baƙa.

An dawo da hoto ɗari. Za a iya raba su ga kwanaki masu zuwa?

A'a, ranar ziyara hoto ɗaya gare ta kamar kowace rana. Sauran su shiga kundi na daban mai sunan gidan da kwanan wata. Amfaninsu shi ne su ba ka aikin makonni masu zuwa: sulke ya tura ka wurin maƙera, babbar riga ta tura ka marinar Ƙofar Mata ko wurin masu bugu, kwanukan ɗakin amarya su tura ka Kasuwar Kurmi. A rubuta waɗannan wurare a takarda tun a daren, a sa wa kowanne ranarsa.