Sakkwatanci ba gurɓatacciyar Hausa ba ce

An daɗe ana cewa wanda ya rubuta "yat tahi" ko "rigakka" ya yi kuskuren nahawu. Daidaitacciyar Hausa dai an gina ta ne a kan karin harshen Kano, don littafi da jarida su bi tsari ɗaya. Sakkwatanci kuwa yana da nasa ƙa'idoji.

Dubi wannan. Bakano yana jan wasali a "ya tafi", ya taƙaita shi a "Audu ne ya tafi", amma rubutun boko ba ya nuna haka. Basakkwace kan ce "ya tahi" da "Audu na yat tahi", bambancin ya fito ƙarara a takarda. A ganina nan ya fi fayyace ma'ana.

Wanda ake rubuta wa shi ke sa a zaɓi kari: takardar ofis da jarrabawa na son daidaitacciya, saƙo zuwa ga dattijon unguwa kuwa harshen gida da "ku" na girmamawa.

Domin tantancewa, saurari dattawa, ka rubuta jimlolinsu, za ka ga canjin yana bin tsari ɗaya kullum. Don Allah a tura wa malamai da ɗalibai.