Komar da Ba Ta Riƙe Ƙugiya: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Fatsa a Damagaram

Duk wanda ya saba zama bakin tafki da fatsa ya san cewa kifi ya haɗiye ƙugiya daban, fito da shi tudu kuma daban. A tafkunan jihar Damagaram, irin su Gidimuni da Lasuri da waɗanda ke kwarin Korama, bakin ruwa yakan cika da laka da kacalla, don haka jan babban kifi da zare kaɗai har gaɓa yakan ƙare da tsinkewar zare. Shi ya sa ake buƙatar koma. To amma komar da aka saya domin ta sauƙaƙa aiki takan zama ita ce wahalar, idan duk kifin da aka ɗauko sai an ɓata lokaci ana kwance ƙugiya daga jikin raga. Ga tambayoyin da masu fatsa suka fi yi a kan wannan lamari.

Wace koma ake nufi a nan?

Ana nufin ragar hannu mai siffar aljihu, wadda aka ɗaura a jikin zoben ƙarfe ko na itace, aka yi mata mariƙi. Ba a kama kifi da ita kai tsaye kamar yadda ake yi da birgi ko taru. Aikinta shi ne tallabo kifin da ya riga ya kamu a ƙugiya, a ɗago shi daga ruwa ba tare da nauyinsa ya hau kan zare ba. Tunda kifin yana shiga cikinta ne da ƙugiya a baki, haɗuwar ƙugiya da raga dole ce, kuma daga nan matsalar take tasowa.

Me ke sa ƙugiya ta maƙale a raga?

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan idon raga, alhali babban dalilin yana cikin zaren da aka saƙa ta da shi. Idan mutum ya ɗauki zaren nailan na ragar da aka saba gani ya murza shi baya tsakanin yatsu biyu, zai ga ya buɗe ya zama siraran zaruruwa masu yawa, kamar yadda igiyar rama take warwarewa. Tsinin ƙugiya yana shiga tsakanin waɗannan siraran zaruruwa ne. Da zarar kunnen ƙugiya, wato ɗan tsinin nan da ke kallon baya, ya wuce, to zaruruwan sun rufe a bayansa, kuma duk jan da aka yi sai ya ƙara tsuke su. An ƙera kunnen ne domin kada ya fita daga bakin kifi, kuma aikin da yake yi a bakin kifi shi yake yi a jikin zare.

Dalili na biyu shi ne ƙulli. Ragar da aka saƙa da ƙulli a kowace kusurwar ido tana ba ƙugiya wurin tokarewa, domin idan ta zame a jikin zare, a kan ƙulli take tsayawa. Na uku shi ne motsin kifin kansa. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijon masunci da sanyin safiya, ya tallabo tarwaɗa mai kaurin damtse, kafin ya ajiye komar a ƙasa kifin ya yi birgima sau uku, ya naɗe raga da zare da ƙugiya wuri guda kamar gammo. Ya daɗe a durƙushe yana kwancewa da yatsu masu santsi, a daidai lokacin da kifi ya fi ci, daga ƙarshe sai da ya sa wuƙa.

Wace irin raga ce ta fi kauce wa wannan matsala?

Iri huɗu ne mai saye zai iya haɗuwa da su. Ta farko ita ce nailan mai ƙulli, wadda ta fi araha kuma ta fi yawa. An ƙirƙiro nailan ne a Amurka a shekarar 1935, a kamfanin DuPont, daga baya ya maye gurbin zaren auduga a aikin su saboda ƙarfinsa da rashin ruɓewa. Ƙarfi kam yana da shi, amma ga mai fatsa wannan raga ita ce ta fi kowace riƙe ƙugiya.

Ta biyu ita ce nailan marar ƙulli mai laushi. Ta fi tausaya wa jikin kifi, sai dai har yanzu zarenta na siraran zaruruwa ne, don haka ƙugiya tana huda shi.

Ta uku ita ce nailan da aka tsoma cikin roba, robar ta lulluɓe zaren ta toshe wuraren da tsini ke shiga. Ta huɗu kuwa roba ce zalla, ko silikon, wadda aka yi zubinta ta fito da idanunta ba tare da saƙa ba. A wannan ta ƙarshe babu zaren da za a huda, ƙugiya tana rataya ne kawai a jikinta, a sa hannu a ɗauke. A wajen kauce wa maƙalewa babu wadda ta kama ƙafarta. Amma tana da nauyi, tana jan ruwa idan ana motsa ta da hannu ɗaya, aljihunta ba ya cika zurfi, kuma ta fi tsada.

A ganina, wanda ke amfani da kifin roba mai ƙugiya baki uku, wato ɗan kifin ƙarya da ake yaudarar kifi da shi, roba zalla ce ta dace da shi, domin baki ɗaya ne ke shiga kifi, sauran suna waje suna neman abin kamawa. Wanda kuwa ke fatsa da ƙugiya guda da tana ko hanjin kaza, kamar yadda akasarinmu ke yi, nailan mai rufin roba ta ishe shi, ga ta da sauƙin ɗauka idan tafiyar ƙafa ce ko ta babur zuwa tafki.

Girman idon raga ba shi da tasiri ke nan?

Yana da shi, amma bayan an gama zancen zare. Ido ƙanana ƙwarai yana nufin zare ya yi yawa a wuri kaɗan, duk inda tsini ya taɓa zai sami abin hudawa. Ido mai faɗi ƙwarai kuma yana barin ƙugiya mai baki uku ta ratsa ta fita waje, ta dawo ta wani idon, ta ɗinke raga. Matsakaici, wajen santimita 2 zuwa 3, shi nake ba da shawara ga kifayen tafkunanmu. Haka nan aljihun da gindinsa yake shimfiɗe ya fi mai tsini kamar mazurari, saboda kifi yana kwanciya a miƙe, raga ba ta taruwa a kansa.

Irin kifin da ake kamawa yana canza zaɓi?

Ƙwarai kuwa, domin ba ƙugiya kaɗai ke maƙalewa ba. Kurungu yana da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto, kuma idan ya ji an kama shi sai ya miƙe su ya kulle. A ragar nailan mai ƙulli, cire kurungu ya fi cire ƙugiya wuya, kuma sukansa yana da zafi. Tarwaɗa ita ma tana da ƙaya a fikafikan gefe, ga birgima. Karfasa tana da jerin ƙayoyi a gadon baya, waɗanda ke shiga ƙananan idanu. Duk abin da ya hana ƙugiya shiga zare yana rage wa waɗannan ƙayoyi wurin kamawa.

Akwai kuma zancen yauƙin jikin kifi, wanda shi ne garkuwarsa daga cuta. Raga mai kaushi tana kankare shi, tana yaga fikafikai. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, fatarta a fili take, kuma tana iya shaƙar iska ta daɗe a raye a ɗan ruwa kaɗan, shi ya sa ake kai ta kasuwa da rai. Wadda ta iso da ƙujewa a jiki ba ta jimawa. Ga mai kiwon kifi, da wanda ke mayar da ƙanana ruwa domin su girma, wannan dalili kaɗai ya isa a zaɓi raga mai santsi.

Yaya mai saye zai gwada koma kafin ya biya?

Ya tafi da ƙugiyarsa a aljihu, irin wadda yake aiki da ita. Ko a Kasuwar Dole ta birnin Damagaram ne, ko wajen 'yan kasuwar da ke kawo kaya daga Kano, ya nemi izinin mai kaya ya ɗora tsinin a kan zare ɗaya ya danna a hankali. Idan tsinin ya zame gefe, ragar ta yi. Idan ya nutse cikin zaren, abin da zai faru a bakin tafki ke nan. Daga nan ya kankari rufin robar da farce, domin akwai wadda fenti ne kawai aka shafa mata, wanda ke ɓarewa cikin 'yan makonni. Ya lanƙwasa robar ya duba ko ta nuna tsaga ko ta yi fari a wurin lanƙwasar, alamar ta daɗe a ajiye ta bushe. Sannan ya duba mahaɗar zobe da mariƙi, domin a nan koma ta fi karyewa.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, yana iya sayen aljihun ragar kaɗai, mai walda ya lanƙwasa masa zobe, ya sa mariƙin gora. Gara a kashe kuɗin a kan raga a yi tsimi a kan mariƙi.

Za a iya ɗinka koma da gidan sauro?

Bai kamata ba. Idanunsa ƙanana ne, zarensa siriri, ƙugiya tana shiga ta yaga shi nan take. Abin da ya fi wannan muni shi ne gidan sauron da ake rabawa yana ɗauke da maganin kashe sauro, wanda guba ne ga kifi, kuma yana kwashe 'ya'yan kifin da tafki ke dogaro da su a shekara mai zuwa.

Zafin ƙasarmu ba zai lalata roba ba?

Zai lalata ta idan aka bar ta a rana. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Damagaram yana wuce digiri 40, kuma hasken rana yana busar da roba har ta tsattsage, yana kuma raunana nailan. Rufin da ya tsage ya daina aiki, domin tsini zai bi tsagar ya sami zaren ciki. A ɗauraye koma da ruwa mai tsabta bayan kowane fita, a shanya ta a inuwa, a rataye ta a ɗaki maimakon a jefa ta kan rufin kwano. A kuma nisanta ta da man fetur da baƙin mai, musamman ga masu ɗaure ta a jikin babur.

Idan duk da haka ƙugiya ta maƙale fa?

Rabin maganin yana cikin yadda aka tallabo kifin. A nutsar da koma cikin ruwa tukuna a riƙe ta cik, a jawo kifin ya shigo da kansa gaba, kada a bi shi da ita yana gudu, domin idan ƙugiya ta kama bakin raga alhali kifin yana waje, fizga ɗaya zai yi ya tafi. Da ya shiga, a sassauta zare, a danne shi ta wajen raga da jiƙaƙƙen hannu kafin ya fara birgima, a cire ƙugiya daga bakinsa da filaya, a fitar da shi, sannan a koma kan raga. Wajen kwancewa kada a ja. A tura ƙugiyar gaba kaɗan domin kunnen ya saki zaren, a buɗe zaren da farce, a juyo ta baya ta hanyar da ta shiga. Wasu masu fatsa suna matse kunnen da filaya tun a gida har ya kwanta. Ƙugiyar da aka yi wa haka tana fita daga raga cikin sauƙi, haka ma daga yatsa idan tsautsayi ya faɗa, sai dai tana buƙatar mai fatsa ya riƙe zarensa a miƙe tun daga lokacin da kifi ya ci har ya shiga koma.