Rarraba mabuɗin sirri na kwantam idan ba a amince da tushen haske ba

Rarraba mabuɗin sirri na kwantam (kimiyyar halayen ƙananan ƙwayoyi) hanya ce da mutum biyu ke samar da lambobin sirri iri ɗaya na kulle saƙo, ta amfani da ƙwayoyin haske, wato foton. Charles Bennett da Gilles Brassard ne suka fito da tsari na farko, BB84, a 1984. Tsaronsa ya dogara ga cewa ba a iya kwafar halin foton guda, kuma duk wanda ya auna shi a hanya sai ya bar alama.

Hujjojin tsaro na farko sun ɗauka cewa mai aikawa ya san irin hasken da ke fita daga na'urarsa, amma ba kullum hakan ke tabbata ba. A tsarin kai-da-komo da aka ƙirƙira a Jami'ar Janiba, mai karɓa ne ke harba haske mai ƙarfi ta zaren gilashi. Mai aikawa ya ɗora masa bayani, ya rage ƙarfinsa, ya mayar. Tunda hasken ya ratsa hanyar da ɗan leƙen asiri ke iya taɓawa, yana iya musanya shi da nasa. Babban haɗarin yana ga yawan foton: idan bugun haske ɗaya ya fita da biyu ko fiye, sai ɗan leƙen asirin ya ɓoye ɗaya, sauran su wuce ba tare da kuskure ya bayyana ba.

A 2008 Yi Zhao, Bing Qi da Hoi-Kwong Lo na Jami'ar Toronto suka nuna cewa tsaro na yiwuwa ko da tushen hasken yana hannun maƙiyi. Mai aikawa zai tace hasken, ya hargitsa zubin igiyarsa, ya kuma karkatar da wani kaso zuwa ma'aunin ƙarfi. Daga awon ne ake ƙiyasta bugun da yawan foton ɗinsu bai fita daga iyakar da aka gindaya ba, kuma a kansu kaɗai ake lissafin mabuɗin. Abin da ya fita iyaka ana ɗaukarsa tamkar ya riga ya fallasa.

Wata hanyar ita ce foton masu sarƙaƙƙiya, wato tagwayen foton da sakamakon awonsu ke da alaƙa ko da suna nesa da juna, wadda Artur Ekert ya gabatar a 1991. A nan tushen na iya zama a tsakiya, domin awon ɓangarorin biyu ne ke tona magudi. A 2020 tauraron ɗan'adam na Sin, Micius, ya raba mabuɗi ta wannan hanya tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,120.