Idan Aka Kira 'Yan Sanda Kan Duka Tsakanin Ma'aurata Ko Masoya: Tambayoyi da Amsoshi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa shan duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i a rayuwarta, kuma galibi a hannun miji ko saurayi. Kaɗan ne daga cikinsu ke isa gaban hukuma. Wadda ta isa kuwa, abin da jami'in farko ya tambaya da abin da ya rubuta shi ne sau da yawa ke raba tsira da halaka.

Ba maganar cikin gida ba ce? Me ya kawo 'yan sanda?

Shekaru da dama haka 'yan sanda a ƙasashe da yawa suka ɗauki lamarin: zo mu zauna, zo mu saɓa, a ba kowa haƙuri a tafi. Amma saɓani daban, duka daban. Wanda ya fasa wa baƙo baki a kan titi ya yi laifi, kuma aure ko soyayya ba sa wanke wannan laifin idan matarsa ya fasa wa.

Shari'a ɗaya ta girgiza wannan tunani a Amurka. Tracey Thurman ta yi watanni tana kai ƙorafin mijinta da suka rabu ga 'yan sandan garin Torrington, ba a ɗauki mataki ba. A watan Yunin 1983 ya daba mata wuƙa sau 13, ya kuma tattaka ta bayan ɗan sanda ya iso wurin. Ta rayu da nakasa, ta maka hukumar garin a kotu, aka yanke a 1985 cewa a biya ta dala miliyan 2.3. Daga nan rundunoni da yawa suka sauya ƙa'idojinsu.

Me ya kamata jami'ai su fara yi da isowarsu?

Su raba mutanen biyu, rabuwar da ɗaya ba ya ganin ɗaya kuma ba ya jin muryarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Macen da ke tsaye da kumburarren ido tana cewa "faɗuwa na yi" alhali idonta na kan ƙofar da mijin yake tsaye, ba ƙarya take yi don son ranta ba. Lissafin abin da zai same ta bayan motar 'yan sanda ta juya take yi.

Bayan haka a tambayi ko akwai makami a gidan, a duba yara ɗaya bayan ɗaya, a nemi likita idan da rauni. Idan akwai matsalar yare, kada a sa yaro ko ɗan'uwan wanda ake zargi ya yi tafinta. Sai a karanci ɗakin kansa: sakatar da aka ɓalle ta ƙarfi, wayar da aka rotsa da bango, gashin da aka tuge yana ƙasa, rigar da ta yage a wuya. A ɗauki hoton duk wannan kafin a share. A rubuta kalmomin da kowa ya furta yadda ya furta su, domin "in kin fita sai na kashe ki" ba daidai yake da "sun yi cacar baki" a cikin rahoto ba.

Idan dukansu biyu sun ji ciwo, kowa na cewa shi aka zalunta fa?

Nan ne ake gane jami'in da ya ƙware. Abin nema shi ne wane ne babban mai kai harin, ba wanda ya fara ɗaga hannu a wannan daren kaɗai ba. Raunin kare kai yana da kamanninsa: tabo a bayan hannu da damtse inda aka tare duka, cizo a hannun wanda ya riƙe mutum ta baya, yaƙushi a fuskar wanda ya shaƙe wani. Sau da yawa namijin ne ke da jini a fuska, macen kuma babu komai a jikinta da ido zai gani, sai a kama wadda ta yi ta kanta. Don haka ake duba tarihin kiraye-kirayen baya, da wanda ke tsoron wani a cikinsu. Kama su duka biyun hanya ce mai sauƙi ga jami'i, amma tana koya wa wanda aka zalunta kada ya sake kira. Kuma maza ma ana cin zarafinsu. Jami'in da ya yi wa namiji dariya don ya kawo ƙarar matarsa ya gaza a aikinsa.

Me ya sa ake yawan tambayar "ya taɓa shaƙe ki?"

Saboda ita ce tambayar da ta fi nuna inda aka nufa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta daga baya ya ninka kusan sau bakwai. Wani kuma da aka yi a San Diego kan shari'o'i 300 ya nuna rabin waɗanda aka shaƙe ba su da wata alama a wuya da ido zai gani. Dole jami'i ya saurara, ba kallo kawai ba: murya ta dishe? Haɗiyar yawu na yi mata zafi? Ta ga duhu, ta suma, ko fitsari ya kufce mata a lokacin? Akwai jajayen ɗige-ɗige a farin idonta? Duk wanda aka shaƙe ya kamata likita ya duba shi ko da ya ce lafiyarsa lau, domin kumburin ciki na iya tasowa daga baya. Ingila da Wales sun mai da shaƙewa laifi mai zaman kansa a 2022.

Tambayar na cikin jerin da ake auna haɗari da shi, irin wanda 'yan sandan Birtaniya suka fara amfani da shi a 2009 mai suna DASH. Yana tambayar ko tana da ciki, ko sun rabu kwanan nan, ko yana bin sawunta, ko ya taɓa barazanar kashe ta ko kashe kansa, ko abin na ƙara muni. Amfanin jerin shi ne yana tilasta wa jami'i ya daina tambayar "me ya faru yau?" kawai, ya koma ga "yaya zaman yake?"

Kamu yana hana maimaitawa?

Amsar ba ɗaya ba ce. A gwajin da aka yi a birnin Minneapolis na Amurka daga 1981 zuwa 1982, wanda masu bincike Lawrence Sherman da Richard Berk suka jagoranta, an gwada hanyoyi uku: kamu, nasiha, ko korar mutumin daga gida na wasu sa'o'i. A bayanan 'yan sanda na wata shida, kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka kama ne suka maimaita, sai kashi 19 na waɗanda aka yi wa nasiha, da kashi 24 na waɗanda aka kora. Jihohi da dama suka yi dokar kamu dole. Da aka sake gwajin a wasu birane, irin su Milwaukee da Omaha, sakamakon ya rarrabu: a wasu wurare kamu ya tsorata masu aikin yi da ke gudun zubewar mutunci, amma bai hana marasa aiki ba.

A ganina kamu wajibi ne idan an aikata laifi, sai dai shi kaɗai bai isa ba. Ranar da aka ba da beli ita ce abin tsoro. Idan ba a sanar da ita cewa ya fito ba, ba a gindaya masa sharaɗin nisantarta ba, to an ƙara masa fushi ne kawai aka mayar mata da shi.

Idan ta ce ta janye ƙarar, shi ke nan?

Bai kamata ba. Janyewa abu ne da aka saba gani, kuma dalilansa a fili suke: tsoro, matsin dangi, abincin yara, da so wanda bai mutu ba. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai ke gina shari'ar tun daren farko kamar ba za ta taɓa tsayawa a kotu ba. Muryar da aka naɗa lokacin kiran gaggawa, hoton kyamarar da jami'i ke maƙalawa a ƙirji, takardar likita, shaidar maƙwabci, saƙonnin barazana ko na ban haƙuri da ya turo, duk hujjoji ne. Ana kuma komawa bayan kwana biyu ko uku a sake ɗaukar hoto, don tabon duka sai ya kwana yake fitowa sosai. Yadda kotu ke karɓar waɗannan ya danganta da dokar kowace ƙasa. Abin da bai dace ba a ko'ina shi ne a yi mata tsawa don ta janye, ko a haɗa su a ɗaki ɗaya a ce su sasanta.

Saurayi da budurwa fa, da ba aure tsakaninsu?

Duka laifi ne ko da aure ko babu. Matsalar ita ce wasu dokokin kariya ma'aurata kawai suka ambata, kuma budurwa kan ɓoye abin don gudun kada iyaye su san tana tare da shi. A irin wannan, rabin hujjar na cikin waya: kira ba ƙaƙƙautawa, bin diddigin inda take, barazanar yaɗa hotunanta. Kada ta goge su. Ingila da Wales suna da tsarin da ake kira Dokar Clare tun 2014, bayan kisan Clare Wood a 2009 a hannun tsohon saurayinta mai tarihin cin zarafin mata. Tsarin ya ba mutum damar tambayar 'yan sanda ko wanda yake nema ya taɓa yin irin wannan.

Idan bai taɓa dukanta ba, amma ya hana ta sakat?

Ƙwace kuɗi, hana ganin dangi, binciken waya, tsoratarwa kullum. Ingila da Wales sun mai da wannan laifi a 2015, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyar. A inda babu irin dokar ma, jami'i ya rubuta shi, domin an sha kashe mata ba tare da wani dukan da aka taɓa kai rahotonsa ba.

Wadda ke shirin barin gidan, me za ta nema a wurin 'yan sanda?

Lokacin rabuwa da watannin da ke biye na cikin mafi haɗari, don haka kada ta sanar da shi tana ita kaɗai. Ta nemi a rubuta ƙorafinta, ta karɓi lambar rahoton da sunan jami'in, ta tambayi yadda ake samun umarnin kariya daga kotu, ta nemi rakiya idan za ta koma kwasar kaya. Kwafin hotuna da saƙonni ta ajiye su wurin wanda ta amince da shi, ba a wayar da yake dubawa ba. Duk lokacin da ya karya umarnin kotu, ko da saƙo ɗaya ne ya aiko ta hannun wani, ta kai rahoto a ranar. Idan jami'in da ta samu ya ce ta koma gida ta yi haƙuri, ta nemi ganin na gaba da shi, ko sashen da ke kula da mata da yara idan rundunar tana da shi.