Waiwaye: yadda aka fara sa likitocin tiyata ɗumama hannu a kwamfuta

Wai likitan da zai buɗe cikin mutum ya fara zama gaban na'ura na minti 15 yana tsintar abubuwan bogi da almakashin bogi kafin ya shiga ɗakin tiyata, da yawa in sun ji sai su ɗauka wasa ne. To abin fa yana da tarihi.

Tsarin da likitan tiyata William Halsted ya kafa a asibitin Johns Hopkins na Amurka bayan buɗe shi a 1889 shi ne ka tsaya kusa da maigida ka kalla, gobe ka yi da hannunka, jibi kai ma ka koyar. Kusan shekara 100 a haka ake, kuma a jikin majinyaci ake koyon. Matuƙan jirgin sama kuwa tun 1929 suka samu na'urar atisaye ta Edwin Link.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne tiyatar huji, wadda ake zura kyamara da dogayen ƙarafa ta ƙananan ramuka a ciki. Erich Mühe ya cire matsarmama ta wannan hanya a Jamus a 1985, Philippe Mouret a Faransa a 1987, kafin ka ce kwabo kowa ya ɗauka. Amma aikin da wuya, idonka na kan allo ba ka ganin zurfi, in ka kai hannu dama bakin ƙarfen ya yi hagu, ga yatsa ba ya taɓa nama balle ka ji taurinsa. Farkon shekarun 1990 aka ga raunin bututun matsarmama ya ƙaru, har a hannun manyan da suka daɗe suna fiɗa.

A 1993 Richard Satava, likitan sojan Amurka, ya kawo shawarar a koyi aikin a cikin jikin da kwamfuta ta zana. Zuwa 1997 an ƙera MIST-VR, na'urar kwamfuta ta atisayen tiyatar huji, a Ingila. Sai a 2002 aka samu hujja daga jami'ar Yale, aka raba masu koyo 16 gida biyu, waɗanda suka yi atisaye a na'urar sun fi sauri da kashi 29 cikin 100 kuma kurakuransu sun ragu sosai a kan majinyaci na gaske. Ga shi a 2003 Amurka ta taƙaita aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa awa 80 a mako, lokacin tsayuwa kusa da maigida ya ragu.

Duk wannan koyo ne. Maganar ɗumama hannu daban ce, kuma ita ta fi damuna, don ta shafi har wanda ya riga ya iya. Ɗan ƙwallo komai shahararsa ba ya sauka daga mota ya faɗa fili. A 2009 Kanav Kahol da Satava suka nuna atisayen minti 15 zuwa 20 yana rage kuskure, ga sabo ga tsohon hannu, har da wanda ya kwana a bakin aiki. A 2010 tawagar Calatayud da Grantcharov ta gwada a tiyatar gaske, kowane likita ya yi aiki da ɗumi ya kuma yi babu, masu duba bidiyon ba su san wanne ne wanne ba, na ɗumin ya fi maki.

Gaskiya likitocin wannan gwajin ba su wuce 10 ba, kuma makin iya aiki aka auna, ba warkewar majinyaci ba. Ga tsadar na'urar, ga layin marasa lafiya tun safe, wa zai ba ka minti 15? Ni dai ban ga dalilin jiran na'ura mai tsada ba, akwatin atisaye da ƙaramar kyamara da zare a gefen ɗakin tiyata ya isa a fara, musamman kafin aikin farko na safe.