Ƙetare jihohin Amurka da ƙaramar bindiga ba tare da lasisin riƙewa ba

A Amurka babu lasisin bindiga guda ɗaya da ke aiki a faɗin ƙasa. Kowace daga cikin jihohi 50 tana da nata dokokin kan wanda zai mallaki ƙaramar bindiga, wato fistol, da wanda zai fita da ita waje. Saboda haka matafiyin da ya taso daga inda bindigarsa halal ce zai iya wayar gari cikin babban laifi don kawai ya tsallaka iyakar jiha. Dokar tarayya ta buɗe wa irin wannan matafiyi wata siririyar ƙofa da ake kira 'yancin wucewa lafiya. Tana ba shi damar ratsa jiha da bindiga a kulle, ko da ba shi da lasisin wannan jiha, amma ba ta ba shi damar sauka ya zauna ba.

Asalin dokar

Tanadin yana cikin dokar kare masu mallakar bindiga, wadda ake taƙaita sunanta da FOPA, da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu ranar 19 ga Mayu, 1986. Sanata James McClure na Idaho da ɗan majalisar wakilai Harold Volkmer na Missouri ne suka ɗauki nauyin ƙudurin, wanda ya yi wa dokar kayyade bindigogi ta 1968 kwaskwarima. A kundin dokokin tarayya, tanadin wucewa shi ne sashe na 926A a babi na 18. Koken da ya haifar da shi na mafarauta ne da masu gasar harbi, waɗanda kan tafi ɗaruruwan kilomita a mota, su faɗa hannun 'yan sanda a jihar da ba ita suka nufa ba.

Sharuɗɗa

Sashen gajere ne, amma kowace kalma a cikinsa ta taɓa kai wani kotu. Da farko, dole mutum ya kasance ba ya cikin waɗanda tarayya ta haramta wa bindiga, kamar wanda aka taɓa samu da babban laifi ko da laifin dukan iyali. Sannan dole doka ta yarda masa ya mallaki bindigar kuma ya ɗauke ta a inda ya taso, haka ma a inda za shi. Wannan shi ne sharaɗin da aka fi tuntuɓe a kai. Wanda ya taso daga Ohio ya nufi Vermont, ya bi ta Pennsylvania da New York, yana cikin inuwar dokar, domin mafarinsa da maƙurarsa duk ba sa neman lasisin riƙewa. Amma idan birnin New York ne zangonsa na ƙarshe, dokar ba ta san da zamansa ba, ko da ya kulle bindigar da kwaɗo goma.

Sai yadda za a ajiye ta. Dole a zare harsashi kaf, kada a bar ko ɗaya a ciki. Bindigar da harsasan duka su kasance inda hannu ba zai kai ba daga wurin zaman direba da fasinja, wanda a ƙaramar mota yana nufin but. Motar da ba ta da but a ware, irin su jif da akori-kura, sai a sa a akwati mai kulle. Dokar ta fito fili ta ce ɗan akwatin da ke gaban fasinja da wanda ke tsakanin kujerun gaba ba sa cikin lissafi, ko da suna da makulli. Masu koyar da harkar kan ƙara da shawarar a raba akwatin harsashi da na bindiga, ko da yake nassin bai wajabta hakan ba.

Tsayawa a hanya

Dokar ba ta faɗi tsawon lokacin da matafiyi zai iya tsayawa ba. An fi ɗaukar cewa shan mai, cin abinci da kama ruwa ba sa katse tafiya. Kwana a otal ko ratsewa ziyarar dangi kuwa wani zance ne, kuma shari'ar da ta fi nuna haka ita ce ta Revell.

A 2005 wani mazaunin Utah, Gregg Revell, ya tashi a jirgi daga Salt Lake City zuwa Allentown a Pennsylvania, ya kuma bayyana bindigarsa a kulle cikin kaya yadda ƙa'ida ta ce. Jirgin ya makara, ya rasa na gaba a Newark da ke New Jersey. Aka miƙa masa jakarsa, ya kwana a otal, washegari ya dawo ya sake bayyana bindigar a wurin awon kaya. Nan take aka kama shi. Ya yi kwanaki a tsare, daga baya aka janye tuhumar, shi kuma ya kai ƙarar hukumar filin jirgin. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta uku ta yanke cewa daren da ya yi da jakar a ɗakinsa ya sa bindigar ta zama a kusa da hannunsa, don haka kariyar ta faɗi. Mutumin bai ɓoye komai ba, gaskiyarsa ce ma ta kai shi hannu. Darasin da lauyoyi suka ɗauka shi ne, wanda jirgi ya yasar a irin wannan jiha kada ya karɓi jakar, ya bar ta a hannun kamfanin jirgi. A 2013 kotun ta ƙara matse ƙofar, ta ce sashen ya shafi bindigar da ke cikin abin hawa ne, ba wadda ake ja a ƙafa cikin filin jirgi ba.

Wani abin lura shi ne, a New York da New Jersey hukumomi sun saba ɗaukar sashen a matsayin hujjar kare kai a gaban alƙali, ba katangar hana kamu ba. Wato ɗan sanda ya kama, a kwace bindiga, a nemi beli da lauya, sannan a saurari hujja. Hukuncin kuma ba wasa ba ne: a New York, riƙe ƙaramar bindiga mai harsashi ba lasisi na iya jawo ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba.

Abin da kariyar ba ta warware ba

Jihohi irin su Kalifoniya, New York da New Jersey sun hana gidan harsashi mai cin fiye da 10, New Jersey kuma ta taƙaita harsashi mai ramin baki. Nassin 1986 bai ambaci gidan harsashi ba, shi ya sa matafiya da dama ke barin manyan a gida. Kariyar ba ta tsallaka zuwa Kanada, abin da ya shafi masu tuƙi zuwa Alaska. Ba ta kuma shafi saye ba: ƙaramar bindigar da aka saya a wata jiha sai ta bi ta hannun dila mai lasisin tarayya a jihar mai sayen.

A jirgin sama hukumar tsaron sufuri ta tarayya, TSA, ke da ƙa'ida: bindiga ba harsashi, cikin akwati mai tauri a kulle, a kayan da ake aunawa, a kuma sanar da ma'aikacin kamfani. Jirgin ƙasa na Amtrak ya fara karɓa a 2010, bisa sharaɗin sanarwa awa 24 kafin tashi.

Sauyin zamani

Lokacin da aka yi dokar, Vermont kaɗai ce ba ta neman lasisin riƙewa. Alaska ta bi sahu a 2003, Arizona a 2010, kuma zuwa 2024 jihohin sun kai 29. A 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin New York na sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasisi, amma ba ta tilasta wa wata jiha amincewa da lasisin wata ba. Ƙudurin da zai yi hakan ya tsallake majalisar wakilai a Disamban 2017, ya maƙale a majalisar dattawa. Don haka har yanzu mai tuƙi daga Ohio zuwa Vermont, kafin ya bar gida, sai ya zare harsashi ya kulle bindigarsa a but.