Abebe Bikila da littattafan tarihin rayuwarsa

Abebe Bikila ɗan tseren dogon zango ne na ƙasar Habasha, an haife shi ranar 7 ga Agusta 1932 a yankin Shewa, ya rasu 25 ga Oktoba 1973 yana da shekara 41. Soja ne a rundunar masu gadin Sarki Haile Selassie, a nan kocinsa Onni Niskanen, mutumin Suwidin, ya gano shi. Shi ne baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zinare a gasar Olimfik, a Rum 1960, kuma ba takalmi ya yi gudun, awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. A Tokiyo 1964 ya sake ci da 2:12:11 alhali bai kai wata biyu da yi masa tiyatar afendis ba.

Littattafan da aka fi sani a kansa da Turanci guda uku ne. Akwai na 'yarsa Tsige Abebe da ya fito 1996, sai na Paul Rambali mai suna Barefoot Runner, sai na ɗan jarida Tim Judah da ya fito 2008. Masu karatu dai kan na biyu da na uku suka fi rabuwa.

Rambali ya rubuta nasa ne kamar littafin ƙagaggen labari, yana sa wa Abebe da Niskanen magana a baki, yana faɗin abin da ke ransu, to mai son labari mai daɗi zai zauna ya cinye shi, amma wanda ya zo neman tarihi tsantsa sai ya rasa ina gaskiya ta tsaya ina ƙari ya fara, kuma wannan ƙorafin ba na banza ba ne tunda Abebe mutum ne mai ƙarancin magana wanda bai bar rubutu da yawa ba. Shi kuwa Judah hira ya bi yana yi da waɗanda suka san shi. Littafinsa ƙarami ne, ba ado, kuma bai rufa wa gwarzon asiri ba. Misali hatsarin watan Maris 1969, lokacin da ƙaramar motarsa Volkswagen ta kife da dare har ƙafafunsa suka shanye, Abebe ya ce wata mota ya kauce wa, Judah kuma ya kawo yiwuwar ya sha giya a daren. Ga wanda ya taso yana jin sunan Abebe a matsayin abin alfaharin ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tseren Rum ɗin kansa ba a jayayya a kansa. An gama shi da dare, sojoji na riƙe da wutar yula a bakin tsohuwar hanyar Appia. An gargaɗi Abebe ya kula da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko mai lamba 26, ashe Rhadi lamba 185 ya sa, sai Abebe ya yi ta neman mai 26 a gaba ga mutumin nan a gefensa suna gudu tare. Wajen hasumiyar Aksum, wadda sojojin Musolini na Italiya suka kwaso daga Habasha, Abebe ya ƙara wuta ya bar shi.

Bayan hatsarin motar na 1969 an kai Abebe asibitin Stoke Mandeville a Ingila, daga baya har ya shiga gasar harbin baka ta masu keken guragu.